Shatin Hannu a Rigar Shalele

Ƙurajen sun fara fito wa Shalele tana 'yar shekara uku, daidai lokacin da bakinta ya buɗe, ba a jin muryar kowa a gidan sai tata. Ita kaɗai Allah ya ba mu, bayan jiran da har dangi sun gaji da tambaya sun koma kallon cikina ta wutsiyar ido. Abin da aka samu a haka kuwa, ko sauro ya sauka a kansa sai an yi shari'a. Da fari na ɗauka zafi ne, 'yan ƙuraje ja-ja a ƙarƙashin hammata da gefen haƙarƙari. Na barbaɗa hoda, na rage mata kaya. Kafin wata ya zagayo wurin ya koma yana ruwa, fata tana saɓulewa, yarinya tana susa har jini ya biyo farcenta. Ta daina ci, ta daina surutu, wuyanta ya fito. Na ji tsoro na gaske, irin wanda zan tsaya da ludayi a hannu in manta abin da nake juyawa.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya mai sanyin hannu ta ɗaga rigar, ta duba, ta ce, "Da me kike wanke mata kaya?"

Na ce da garin sabulun kanti, mai ƙamshin nan da kowa yake saye.

"To ki ajiye shi tukuna. Wasu yaran fatarsu ba ta son turare da sinadaran da ake zubawa a ciki. Ki nemi sabulu zalla, mara ƙamshi, mara launi, ki haɗa da man shafawar nan mu gani."

Da na dawo na faɗa a gida, sai Inna, uwar mijina, ta gyara zama kamar an kira sunanta a rabon gado. A wurinmu take tun rasuwar mijinta, a ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin. Marigayin wanki da guga ya yi duk tsawon rayuwarsa, ya kuma rasu ina da cikin Shalele wata bakwai, bai ga jikar da ya yi ta tanadin tsokana ba.

Inna ta ce, "Ai dama na gaya miki. Wannan garin naku mai sa mutum atishawa, ko tsumman goge ƙasa marigayi ba ya wankewa da shi. Nasa da hannunsa yake haɗawa."

Ba ta taɓa gaya min ba, amma na bar ta da shi. Ta durƙusa ta jawo kaya daga ƙarƙashin gadonta: tsohon bahonsa na ƙarfe, da muciyar da yake juya sabulu, da wani murfin gwangwani da ya huhhuda da ƙusa yake gogewa a kai. Ashe duk shekarun nan a kansu take kwana.

Mai gidan burodin ƙasan layinmu ya ba ni toka cikin buhu. Muka jiƙa ta, muka tace da tsumma har ruwan ya fito garau, yana santsi a yatsa. Muka ɗora a wuta da man girki, Inna tana kan kujera tana ba da umarni, ni ina juyawa har kafaɗata ta ƙage. "Hannu ɗaya ake juyawa, ba a komawa baya. Rage wutar. Ke kam ko ruwan zafi aka ba ki sai kin ƙona." Da ya yi kauri muka juye a faranti, ya sha iska ya daskare, na goge shi a murfin nan ya zama gari. Ba shi da ƙamshi, sai wani ɗan wari-wari na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Inna ta ɗebo a tafin hannu ta shinshina, sai na ga idonta ya kawo ruwa. Ta ce haka rigarsa take wari.

Garin bai da yawa, don haka kayan Shalele kaɗai nake wankewa da shi. Namu na manya na ci gaba da na kanti.

A saman bene muke shanya, mu da sauran 'yan haya. Fili ne na siminti, da tankin ruwa a kusurwa, da igiyoyi an ja su daga bango zuwa bango. Ranar farko na shanya 'yan rigunanta da hantsi, na sauko. Da rana ta take na koma kwashewa, babu kowa a saman, babu ko iska. Na kai hannu kan wata farar shimi sai na ga abu a jikinta, kore-kore kamar gansakuka. Na ɗauka tsuntsu ne ya ɓata min aiki, har na fara tsine masa. Da na ware rigar da kyau sai na ga yatsu.

Yatsu huɗu ne a baya, babban yatsa a gaba, dama da hagu, daidai haƙarƙari. Hannun babban mutum, ya riƙe rigar kamar da yarinyar a ciki. Na duba ta kusa da ita, haka. Ta gaba, haka. Da hannuna na wanke su, na ɗauraye, na matse, kuma fari tas na shanya su. Na tsaya cikin ranar nan ina zufa.

Na sauko da su a ƙudundune na zube a gaban Inna. Ta ɗauki ɗaya, ta kai bakin taga, ta daɗe tana kallo. Sai ta ɗora yatsanta a kan ɗan ƙaramin yatsan shatin hagu, wanda ya karkace ya ware daga 'yan uwansa kamar ya yi fushi da su.

A hankali ta ce, "Shi ne."

"Wa?"

"Shekara nawa ina kallon hannun nan yana matse kayan mutane? In ya damƙi abu haka ɗan yatsan yake ficewa. Sabulunsa, bahonsa, muciyarsa. Ya ji an taɓa kayansa ne, ya zo ganin amaryarsa."

Wasan kaka da jika ne, na sani, da yana raye haka zai riƙa kiranta kowa ya yi dariya. Amma a bakin Inna ranar, da rigar nan a hannunta, bai yi min kama da wasa ba. Na je na ɗaga rigar da ke jikin Shalele, na kara wadda aka wanke. Inda yatsun suka kwanta, nan ƙurajen suke, babu kuskure ko kaɗan.

Baban Shalele a yadin katako yake aiki, can bayan gari, inda ake tsoma katako a magani don kada gara ta ci kafin a kai wa masu gini. Ban taɓa zuwa wurin ba. Kayan aikinsa a can yake barinsu, a can yake wanke hannu, ya dawo gida tsaf kamar ma'aikacin banki. Da ya shigo da yamma na tare shi da rigar tun bai cire takalmi ba. Ya duba, ya yi dariya.

"Tsatsar baho ce. Bahon da ya girme ni kuke wanki a ciki, me kuke jira? Ke da Inna in aka bar ku sai ku ce tankin ruwa ma yana magana."

Washegari ya sayo sabon bahon roba. Na wanke a ciki, na shanya, na ƙi sauka. Na jawo bokiti na kifa na zauna a inuwar tanki, na zuba wa igiyar ido, don in ma wani ɗan iskan maƙwabci ne yake min wasa in kama shi da hannuna. Ba wanda ya hau. Ruwa yana ɗiga daga bakin rigunan, ɗis, ɗis, har ya tsaya. Sai ga shi yana fitowa a gabana, da farko kamar inuwa, sannan ya yi ta nuna, yatsa bayan yatsa, har da layukan tafin hannu. Rigar tana rataye ita kaɗai a tsakiyar rana, hannu biyu sun riƙe ta. Na sauka matakala ban san da ƙafa na taka ba ko da me.

Wannan karon bai yi dariya ba. Ya juya rigar gaba da baya, ya ajiye, ya je ya ɗauki 'yarsa ya rungume, ya yi ta zagaya falo da ita yana jijjigawa. Dama shi mutum ne mai son 'ya'ya har ya yi yawa, to ciwon nan ya ƙara masa. In yana gida ƙafarta ba ta taɓa ƙasa.

Muka yi abin da mutane suke yi. Aka yi addu'a, aka yi wa marigayi sadaka, na tofa na shafa mata safe da yamma. Na tambaye ta, "Shalele, wa yake taɓa ki a nan?" Ta kalle ni da idanun nan da suka faɗa, ta ce babu kowa. Na daina barinta ita kaɗai ko na ƙiftawar ido. In zan shiga wanka sai na zaunar da ita a bakin ƙofa tana min waƙa, in ta yi shiru in fito da kumfa a ido. Duk da haka kowace riga ta kwana a jikinta, in ta sha sabulun nan ta ga rana, sai hannun ya fito.

Abin da ya fi ci min rai shi ne Inna. Ni ina ramewa, ita tana murmurewa. Ta koma sa kwalli. In na wuce ƙofarta da rana tsaka sai in ji tana magana ƙasa-ƙasa, tana ba da labarin wanda ya yi aure da wanda ya mutu, tana tsayawa kamar mai jiran amsa. Kujerar da ke bakin tagarta ta daina ɗora kaya a kai. Rannan na ji tana ce wa Shalele, "Zo ki gaida mijinki," tana nuna kujerar. Nan haƙurina ya ƙare.

Na ce, "Inna, in dai mijinki ne, ki ce masa ya sakar min 'ya. Ya ga amaryar, ya isa haka. Ya koma inda ya fito."

Ta ce, "Bai taɓa cutar da ko ƙuda ba."

"To ki zo ki ga haƙarƙarinta!"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ta shige ɗaki ta turo ƙofa, ni kuma na zauna a kicin na yi kuka mai isata. Haushinta nake ji, ina kuma jin tausayinta, ga shi na tsani mutumin da bai taɓa min komai ba sai alheri.

Na yanke shawarar komawa garin kanti. Na wanke rigunanta da shi, na shanya, suka bushe fari fat, suna ƙamshi, ko ɗigo babu. Har na yi ajiyar zuciya. Da yamma na zo shafa mata magani na ga wurin yana nan yadda yake, har ya ƙara faɗi, yana naso. Sai wani tunani ya zo min wanda ya fi na farko muni. Ƙurajen sun riga sabulun zuwa gidan nan. Ashe hannun ya daɗe a jikin 'yata, garin kanti wanke shi yake yi ya tafi da ruwa ban gani ba. Sabulun marigayi bai kawo kowa ba, nuna min kawai ya yi.

To ni in tsoro ya kai min maƙura, faɗa yake komawa. Na ce tunda haka ne, sai na ga duk inda mai hannun nan yake shiga a gidana. Na koma wurin mai burodi na karɓo toka, na dafa sabulu cike da tukunya, ni kaɗai, ban nemi umarnin kowa ba. Da gari ya waye, bayan Baban Shalele ya fita, na tattaro duk wani abu mai sunan tsumma a gidan. Labule, zanen gado, rigunan filo, tawul, mayafin kujera, kayana, kayansa, har na Inna na shiga na kwaso tana kallona. Na goya Shalele, na yi ta wanki har yatsuna suka yi fari suka tattare. Na cinye igiyoyin saman bene kaf, nawa da na maƙwabta.

Sannan na tsaya a tsakiya ina jira.

Tawul ne ya fara. Bayan shi gefen labulen falo, daidai inda ake kamawa a yaye. Sai mayafin kujera, a wurin ɗora hannu. Kafin rana ta karkata duk inda na juya hannu ne, wani cikakke, wani rabi, wani yatsu kawai kamar an shafa an wuce. Babu iska, babu motsi, sai numfashin Shalele a bayana da hannaye kore rataye ta kowane gefe. Ga su a bakin aljihun wandunan Baban Shalele, ga su a wuyan rigunansa wurin maɓalli. Ga ɗaya a hannun rigar Inna, daidai gwiwar hannu. Na ce a raina, shi ke nan, gidan duka nasa ne, mu ne baƙi.

Ina ratsawa tsakanin zannuwan gado sai na ci karo da doguwar rigata mai ruwan madara, wadda na sa ranar hutun da ta wuce. Hannu ɗaya ne a jikinta, na hagu, a ƙugu, ɗan yatsan ya fice gefe.

Na tsaya. Na san wannan. Ina tsaye ina wanke kwanuka, Inna ta shiga ɗaki, wani ya zo ta bayana ya riƙe ni a nan ya ce in bar fushi haka, 'yarmu za ta warke. Har na ture shi na ce Inna za ta fito. Wanda ya riƙe ni ranar da ransa, da ɗuminsa, kuma na san sunansa.

Na koma kan rigar Inna. Gwiwar hannu, inda ake tallafarta in za ta sauka matakala. Labule, wa yake yaye shi kullum da safe? Aljihun wa? Duk gidan mun zuba ido a kan kabari, ba wanda ya tuna cewa marigayi ya bar ɗa. Shekarun da na yi da mutumin nan ban taɓa lura da yatsansa ba, don in hannun yana sake daidai yake da na kowa, kuma ni ba hannunsa nake kallo ba in ya ɗauki abu.

Da yamma ya shigo, Shalele ta miƙa masa hannu daga kan kujera, ya sunkuya zai ɗauke ta. Na ga tafukan sun buɗe, na ga ɗan yatsan hagu ya fice.

Na daka masa tsawa, "Kar ka taɓa ta!"

Ya daskare a sunkuye. Inna ta leƙo daga ɗaki. Ban tsaya bayani ba. Na ɗauko sabon farin ƙyalle na shimfiɗa a kan tebur, na ce ya ɗora hannunsa ya danna. Ya kalle ni kamar na zautu, amma ya yi. Na wanke ƙyallen a gabansu da sabulun, na matse, na rataya a baranda inda sauran rana take. Muka tsaya mu uku muna kallon tsumma kamar masu jiran sakamakon asibiti. Da ya fara fitowa, Baban Shalele ya ɗaga hannunsa a hankali ya kara a kai. Ya hau daidai, ko gashi bai rage ba.

Ya ce, "Ruwan da muke tsoma katakon. Kalarsa ke nan." Muryarsa ta yi ƙasa har da ƙyar na ji. "Amma ina wankewa. Wallahi kullum sai na wanke kafin in taho."

Inna ta daɗe tana kallon ƙyallen. Sannan ta ce, "Ashe ba shi ba ne." Ta juya ta koma ɗaki, na ji ƙarar tana mayar da kaya kan kujerar bakin taga. Na ɗauka zan ji daɗin na yi gaskiya, sai na ji kamar ni na sake kashe mata shi.

Mun ɗauka abin ya zo da sauƙi. Wanka ne dai, sai a ƙara. Ya koma in ya dawo ba ya gaisawa da kowa sai ya shiga banɗaki ya dirje hannuwan da soso da buroshi har su yi ja, ya yanke farce har nama, ya canza kaya. Ranar hutu, da bai je ko kusa da yadin ba, bayan wanka biyu, ya ɗauke ta sau ɗaya, ɗan jim. Na wanke rigar ina addu'a. Hannun ya fito. Ya ɗan dusashe, amma yana nan, kuma kafin gari ya waye wurin da ya fara bushewa a jikinta ya sake tashi.

Muka koma asibiti mu uku. Wannan karon hannunsa aka duba, aka juya shi a ƙarƙashin fitila. Duk tsaga ne ƙanana, a gaɓoɓi da gefen farce, ga kanta ta yi kauri. Likita ya ce maganin katakon ya daɗe yana shiga tsagogin nan, wanka ɗaya ko goma ba zai fitar da shi ba, kuma fatar yarinyar ta riga ta tsane shi, ko ɗan kaɗan ya ishe ta. Ya rubuta masa nasa maganin, ya ce a ɗebi jininsa a duba. Ya ce ya nemi safar hannu mai kauri a wurin aiki, in da hali ma ya bar wurin. Kafin nan, har hannun ya sake sabuwar fata, kada ya taɓa ta.

Barin aiki a baki ba wuya. Yana nema, har yanzu yana nema, amma da wannan yadin muke ci muke biyan haya. Mun gwada dabaru. Ya sa safar hannu ta roba ya miƙa mata, ta ƙwalla ƙara ta ɓuya a bayana, ta ce ba hannun Babanta ba ne. Mun naɗe ta a bargo mun ɗora masa a cinya, ta yi ta fisge-fisge tana neman ta kamo yatsunsa ta sa a kumatunta, shi kuma yana ɗaga su sama kamar wanda aka nuna wa bindiga. Daga ƙarshe ya ce a bari, wahalar ta fi yawa.

Sai ya koma in zai shigo gida ya maida hannuwansa baya ya harɗe. Ita kuma da ta ji motsin makulli sai ta taho da gudu, ta ɗaga hannu sama, ta tsaya a gabansa tana tsalle. Ya ce, "'Yar Baba, an wuni lafiya?" ya ratsa ta gefenta. Ta bi shi har ƙofar banɗaki tana kuka, tana dukan ƙofar da tafin hannu. Rannan na ji ta tana tambayar Inna ko ta yi wa Baba laifi ne. Na yi mata bayani iya yadda ake yi wa 'yar shekara uku, ta gyaɗa kai, washegari ta sake tahowa da gudu. Ni kuwa kullum a lokacin nake samun abin yi a kicin, don ba na iya kallo.

Gidan duka yanzu da sabulun toka muke wanki. Kayansa daban, a bahon ƙarfe, ruwan ma ba na zubarwa inda za ta taka. Rigunanta suna sauka daga igiya fari tas. Ƙurajen suka bushe, suka yi ɓawo, ɓawon ya zube. Ta koma cin abinci, kumatu suka dawo, surutu ya dawo har ya fi na da. Duk wanda ya gan ta sai ya ce kai, sabulun nan naku akwai albarka, a ba shi yadda ake haɗawa. Ina ba su.

Jiya da yamma tana zaune a tsakar falo tana jera murafen kwalba, tana yi musu faɗa. Makulli ya yi motsi, ƙofa ta buɗe, ya shigo da sallama, hannuwansa a baya. Ta amsa sallamar ba ta ɗago ba, ta ci gaba da jera murafenta. Ya tsaya a bakin ƙofa yana jira, ya daɗe, bai cire takalmi ba.

Sannan ya ce min, "Ɗaga min rigarta in gani."

Na je na ɗaga. Fatar sumul, ko tabo babu. Ta ture hannuna ta ce ina ɓata mata layi.

Ya ce, "Ta warke."

Na ce, "Ta warke."

Ya ce alhamdulillahi, ya wuce banɗaki ta bayan kujera, hannuwan suna nan a harɗe, ko da yake babu wanda ya biyo shi.